Kurakuran da ke sa neman bayanai ya maƙale a sakatariyar ƙaramar hukuma

Duk wanda ke zaune a Fagge, Dala, Gwale ko Tarauni ya san irin maganar da ake yi a majalisar unguwa idan damina ta kankama: an ce an ba da kwangilar gyaran magudanar ruwa, to ina kuɗin suka shiga? Amsar tana cikin fayil a sakatariya, kuma doka ta ba ka damar ganin ta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ce duk hukumar gwamnati ta amsa maka cikin kwana 7. An daɗe ana musu cewa dokar ta tsaya ga hukumomin tarayya kawai, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, inda ta ce dokar tana aiki a kowane matakin gwamnati. Amma mutane da dama na komawa gida hannu rabbana, kuma sau da yawa matsalar daga yadda suka nema ne.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne tafiya da baki kawai. Mutum ya je sakatariya, ya gaisa da wani ɗan unguwarsu da ke aiki a sashen ayyuka, a ce masa "Alhaji, ka dawo jibi, ogan ba ya nan." Jibi ta zama mako, mako ya zama wata. Gobe idan magana ta yi nisa, ba shi da abin nunawa cewa ya taɓa tambaya. Ka rubuta takarda, ka sa kwanan wata, ka sa sunanka da lambar wayarka, ka ambaci dokar ta 2011, ka aika wa shugaban ƙaramar hukumar. Ka yi kwafi 2, ka kai ofishin rajista inda ake karɓar wasiƙu. Kada ka bar wurin sai an buga wa naka kwafin hatimi, an sa hannu da ranar karɓa. Wannan hatimin shi ne komai, domin daga ranar da ke jikinsa ake fara lissafin kwana 7, kuma shi alƙali zai fara dubawa. Ni a ganina, wanda ya miƙa takarda bai karɓi kwafi mai hatimi ba, kamar wanda ya ba da bashi ne babu shaida.

Wanda bai iya rubutu ba, ko yake da wata larura, bai fita daga tsarin ba. Doka ta yarda wani ya nema a madadinsa, kuma idan ya nema da baki, jami'in da ya saurare shi ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafi. Dattawanmu da matan unguwa da yawa ba su san da wannan ba, abin da ke damuna ke nan, don su ne suka fi shan wahalar rijiyar burtsatsen da ta mutu da asibitin sha-ka-tafi da babu magani.

Sai kuma yadda ake tsara tambayar. Wani zai rubuta: "Ina son sanin yadda aka kashe kuɗin ƙaramar hukuma." Wannan ba wanda zai iya amsawa, ko da yana da niyya, wanda ba shi da niyya kuwa ka ba shi mafaka. Hukuma tana ba da takardar da take ajiye da ita ne, ba za ta zauna ta rubuta maka sharhi ba. Don haka ka nemi takardu da sunayensu: kwafin kasafin kuɗin shekara kaza da majalisar kansiloli ta amince da shi, takardar ba da kwangilar kwalbatin layi kaza a mazaɓa kaza, sunan kamfanin da aka ba, da jimillar kuɗin, da abin da aka biya zuwa yau, takardar shaidar kammala aiki. Ka faɗi shekara, ka faɗi wuri. Idan buƙatunka sun yi yawa, raba su takarda daban-daban, domin doka ta ba hukuma damar ƙara wasu kwana 7 idan takardun da aka nema suna da yawa. Kuma kafin ka tambayi nawa ya shigo daga Abuja, ka sani ofishin Akanta-Janar na Tarayya yana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Ka samo wannan a intanet, ka ajiye tambayarka ga abin da aka yi da kuɗin.

Akwai masu cika shafi guda da zargi da zafafan kalamai kafin su kai ga abin da suke nema. Wasu kuma su ɓata lokaci suna bayanin dalilinsu kamar masu neman alfarma. Duka biyun ba a buƙatar su. Doka ta faɗa ƙarara cewa ba sai ka nuna dalilin da ya sa kake son bayanin ba. Ka yi sallama, ka girmama mai kujerar yadda muka saba, ka faɗi abin da kake so, ka sa hannu. Takarda mai zagi tana ba jami'i hujjar ce maka ɗan adawa ne, alhali haƙƙinka ka zo nema.

A birnin Kano akwai wani ruɗani na musamman: ba duk abin da ke cikin yankin ƙaramar hukuma ne yake hannunta ba. Filaye a cikin birni suna ƙarƙashin gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, don haka bayanan takardar mallakar fili a hukumomin jiha suke. Izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne (KNUPDA), kwashe shara a manyan tituna na hukumar tsaftar muhalli ta jiha (REMASAB), ginin ajujuwan firamare kuma sau da yawa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ke bayarwa. Ga kuma iyakoki da suka cakuɗe, layi ɗaya wannan gefen Birni da Kewaye, wancan gefen Gwale. Doka ta ce hukumar da ba ta da bayanin ta tura takardarka inda ya dace ta kuma sanar da kai, amma kada ka dogara da haka. Ka duba allon aikin idan an kafa, ko ka tambayi kansila ko mai unguwa wa ya kawo aikin.

Batun kuɗi gajere ne: abin da aka yarda a karɓa shi ne kuɗin yin kwafi, da na mayar da bayani a rubuce idan ya zama dole, kuma ka nemi rasit. Babu na goro a ciki.

Kada kuma ka nemi abin da doka ta kare, kamar fayil ɗin ma'aikaci na ƙashin kansa, ko bayanan lafiyar wani, ko abin da zai ɓata binciken 'yan sanda. Sai dai idan takarda ta haɗa abin da aka kare da wanda ba a kare ba, wajibi ne a ba ka sauran. Idan an hana ka, a rubuce za a hana ka, tare da sashen dokar da aka dogara da shi.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an yi shiru. Mutum ya jira wata biyu yana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, bai san lokaci na ƙure masa ba. Idan wa'adin ya cika babu amsa, doka ta ɗauka an hana ka ke nan, kuma kwana 30 gare ka ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya. A gaban alƙali, hukumar ce za ta kare dalilin hanawar, ba kai ba, kuma idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. Don haka rana ta 8 ka kai takardar tunatarwa, ita ma a buga mata hatimi, ka haɗa ta da ta farko, ka nemi lauya ko wata ƙungiyar farar hula da ke bibiyar kasafin kuɗi tun kwanakin 30 ɗin ba su yi rabi ba.