Inuwa ba baƙa ba ce

'Yan uwa masu zane, a daina shafa baƙin fenti a wurin inuwa. Ni ma na daɗe ina wannan kuskure, zanena ya riƙa fitowa kamar an yi gobara.

Claude Monet na Faransa ya zana tarin alkama wajen sau 25 tsakanin 1890 da 1891. Abu ɗaya ne, haske ne kawai ke sauyawa, inuwar kuwa shuɗi-shuɗi take fitowa.

Ku zaɓi bishiya guda, ko da bishiyar kuka ce. Ku zauna gabanta da hantsi, ku koma da la'asar sakaliya, ku ƙura wa ƙasan gindinta ido. Sai ku haɗa shuɗi da ɗan ja ku gwada. In ranar hazo ce, a ƙara fari.