Yadda za ka kama bakin zaren kiɗan da Rabaran Goodman ya tara

Idan kana sha'awar tsohon kiɗan Ailan, ka fara da James Goodman, limamin cocin Angalika da aka haifa a 1828 a yankin Dingle na gundumar Kerry. Da harshen Airish ya taso a bakinsa, shi ya sa makaɗan ƙauye suka sake da shi duk da cewa akasarinsu 'yan Katolika ne shi kuma ba ɗarikarsu ɗaya ba. Mutumin ya rubuta karin kiɗa sama da 2,000 da hannunsa, yawanci tsakanin 1860 da 1866, kuma da yawa kiɗan da ake yi ne tun kafin babbar yunwar 1845 da ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya ta kuma kori wasu zuwa Amurka.

To ta ina za ka shiga? Shawarata kar ka fara da takarda, fara da kunne. Ka nemi sautin uilleann pipes a YouTube, wata irin algaita ce mai jaka wadda ba a hura ta da baki, ɗan zugazugi ake ɗaurawa a gwiwar hannu ana matsawa kamar na maƙera, sunan ma daga kalmarsu ta gwiwar hannu ya fito. Shi kansa Goodman gwanin busa ta ne, kaga kenan kunnen mabushi ne ya yi rubutun. Ka yi kwana biyu kana saurare har ka iya raba salon kiɗan rawarsu, wato jig mai tsalle uku-uku da reel mai gudu huɗu-huɗu, sannan ga masu tafiya a hankali waɗanda asalinsu waƙoƙi ne.

Sai ka nemi rubutun. Ainihin kundayen suna laburaren Trinity College a Dublin, inda ya zama farfesan harshen Airish a 1879, amma ba sai ka nemi biza ba, cibiyar adana kiɗan gargajiya ta ITMA ta saka su a intanet. Rubutun hannu na iya ba ka wahala gaskiya, don haka ka haɗa da littafin Tunes of the Munster Pipers wanda Hugh Shields ya tsara, juzu'i na farko ya fito a 1998.

Nan ne wurin da nake so ka nutsu. Ba duk abin da ke ciki ne daga bakin mutane ba, wasu daga littattafan da aka riga aka buga ya kwafo su. Ka duba waɗanda ya sa wa harafin K, su ne ya ɗauko daga makaɗi Tom Kennedy, wani mabushi makaho, kuma a wajena su ne tsokar miyar, don ba domin Goodman ya zauna ya rubuta ba da yawancinsu sun bi mai su kabari.

Ka zaɓi guda ɗaya tak, gajere, ka riƙa rera shi da baki kafin ka taɓa sarewa ko goge. Takarda ƙashin kiɗan kawai take riƙewa, 'yan lanƙwashe-lanƙwashen yatsa sai a wajen masu yi, don haka ka saurari yadda Mick O'Brien, wani gwanin busa uilleann pipes, ya busa wasu daga cikinsu ka kwatanta da abin da ke shafin.

In kuma Allah ya kai ka Ailan ɗin, ka leƙa garin Skibbereen a gundumar Cork, nan ya yi limanci har ya rasu a 1896, akwai mutum-mutuminsa a harabar cocin Abbeystrewry riƙe da algaitar tasa.