Kurakuran da aka fi yi wajen ƙirga gaɓoɓin kalmomin Turanci

Na gaji da ganin ɗalibai suna ƙirga gaɓar kalmar Turanci da ido. Yaro ya kalli chocolate, ya ga wasula huɗu a rubuce, ya ce gaɓa huɗu ce. Biyu ce a bakin yawancin Turawa. Vegetable da comfortable uku-uku ne, Wednesday da business biyu-biyu. Rubutun Hausa ne ya saba mana da faɗin duk abin da muka rubuta. Gaɓar Turanci da kunne ake ƙirga ta.

Kuskuren da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne cusa wasali inda babu shi. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, shi ya sa bread ya zama burodi, brush ya zama buroshi. A Hausa wannan daidai ne. Amma ka kai shi cikin Turanci, ka sauya ma'ana: sport ya koma support, train ya koma terrain, blow ya koma below. Gaɓa ɗaya ta zama biyu, kalma ta zama wata. Wani malami ya sa mu muna tafa hannu sau biyu a kan school, muka haddace, muka je jarrabawar furuci ta WAEC muka zubar da maki a banza. Har yau abin yana min ciwo. Malamai, ku ji tsoron Allah, ku saurari kalma kafin ku koyar da ita! Ni dai abin da nake sa ɗalibaina wajen faɗin sport shi ne su ja sautin s kamar hucin maciji, sannan su faɗa kan port ba tare da sun buɗe baki a tsakani ba.

Na biyu shi ne rarraunan wasalin nan da masana ke kira shiwa, mai alamar ə a ƙamus. Babu wasalin da ya kai shi yawan fitowa a maganar Turanci, amma ba shi da harafin kansa. Shi ne a gaɓar farko ta about da today, shi ne a ƙarshen sofa. Banana na da shi gaba da baya, gaɓar tsakiya kaɗai ke da ƙarfi. Mu kuwa kowane wasali sai mun cika masa baki, har mai sauraro ya kasa gane inda nauyin kalma ya faɗa. Gwada photograph da photographer: nauyi ya tashi daga gaɓar farko ya koma ta biyu, o ɗin farko ya narke ya zama shiwa. Haka ƙananan kalmomi irin su to, for, of da can suke narkewa a tsakiyar jumla. Kada ka goge shiwa gaba ɗaya kuma, don a support gaɓa ce cikakkiya, rauni kawai gare ta. Saki leɓe da harshe, ka fitar da shi a gajarce. Nakan naɗi muryata a waya in kwatanta da ta ƙamus na Cambridge.

Sauran ƙanana ne. Ƙarshen ed ba ya ƙara gaɓa sai bayan sautin t ko d: wanted biyu, walked ɗaya. Harafin e na ƙarshen make da time shiru yake. Clothes gaɓa ɗaya ce, a daina cewa kulozis.