Darasi Na Tara: Auna Shafi A Figma Kafin A Jera Aiki

Kundin nuna aiki shi ne inda mai zane yake jera ayyukansa don masu neman hannunsa su gani. Mai dubawa ba ya daɗewa a kai. In ya ga hoto ya karkata, rubutu ya cunkushe, zai ɗauka haka hannunku yake, komai kyan aikin. Saboda haka da awo ake farawa, kamar yadda magini yake jan igiya kafin ya aza bulon farko.

Firam da ginshiƙai

Ku buɗe sabon fayil a Figma, wato manhajar zana shafukan intanet da na waya, ku danna harafin F. Jerin girman shafuka zai fito ta hannun dama. Ku zaɓi na kwamfuta, mai faɗin fiksel 1440 da tsawon 1024 (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ake awo da shi a allon kwamfuta). Farin filin da ya fito shi ake kira firam. Ku raɗa masa suna nan take. Tsawonsa ana iya ƙarawa daga baya, amma faɗin ba a taɓa shi.

Ku zaɓi firam ɗin, ku nemi wurin ragar awo (layukan da ake jera abubuwa a kansu) a hannun dama, ku danna alamar ƙari. Ƙananan gidaje ne za su fara fitowa. Ku mayar da su ginshiƙai. Yawansu 12, nau'insu wanda aka rubuta wa Stretch, gefe 120, ratar da ke tsakaninsu 24.

Ga lissafin, kuma yana da kyau ku yi shi a takarda. A cire 120 sau biyu daga 1440, saura 1200. Rata 11 ce tsakanin ginshiƙai 12, ta cinye 264, saura 936. A raba gida 12, kowane ginshiƙi ya tashi da 78. An zaɓi 12 ne don yana rabuwa biyu, uku, huɗu ko shida ba tare da saura ba. In aiki uku za ku jera a layi ɗaya, kowanne ya hau ginshiƙi huɗu, wato faɗin 384. In biyu ne, shida-shida, 588. Bakin hoto a bakin ginshiƙi yake tsayawa, ba a cikin rata ba. Dogon bayani kuma kada ya wuce ginshiƙi shida, domin layi in ya yi tsawo ido yakan ɓace wajen komowa layi na gaba.

Tazara

Ku riƙe 8 da ninkinsa: 8, 16, 24, 32, 64, 96. Tsakanin hoto da sunansa 16, tsakanin babban sashe da wani 96. Abin da yake tare a matso da shi, wanda ba tare ba a nisanta shi. Don ganin tazara, ku zaɓi abu ɗaya, ku riƙe Alt, ku kai kibiyar linzamin kwamfuta kan ɗayan. Lambar za ta fito da ja. Akwai ɗan tarko a nan: Shift da maɓallin kibiya fiksel 10 suke tura abu, ba 8 ba. Ku shiga saituna ku mayar da shi 8.

Katin aiki

Kowane aiki kati ɗaya: hoto, suna, bayani na layi biyu. Rubutun bayani fiksel 16, tsayin layinsa 24. Ku zaɓi ukun, ku danna Shift da A, sai su zama jeri mai gyara kansa. Ku sa rubutun ya cika faɗin kati, tsawon katin kuma ya bi abin da ke ciki. In aka ƙayyade masa tsawo, ranar da bayani ya ƙaru sai rubutu ya zubo kan katin ƙasa. Sannan Ctrl, Alt da K su mayar da shi uwar kati. Duk gyaran da aka yi mata, kwafe-kwafenta za su ɗauka.

Shafin waya

Sabon firam ake yi, faɗi 360, ginshiƙi 4, gefe 16, rata 16. Kowane ginshiƙi 70. Katuna su jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kada ku matse shafin kwamfuta ya koma na waya. 360 rubu'in 1440 ne, rubutu mai fiksel 16 zai koma 4, ba mai iya karanta shi.

Shift da G suna ɓoye ragar don ku ga shafin yadda baƙo zai gan shi. Ba ta fita a hoton da aka fitar, ko an bar ta a buɗe.

Aikin gida: ku jera katuna shida, uku a sama uku a ƙasa, tazarar layukan biyu 32. Sannan ku lissafa faɗin kati in huɗu za a jera a layi ɗaya.