Dokar gida ta 'yan gida ce

'Yar'uwa, duk dokar da za ki sa wa yara, ki fara bin ta, sannan ki gaya musu ba ta hau kan maƙwabta ba.

Misali azumi a zafin garin Garwa na Kamaru. Ɗanki ya fara gwada rabin yini. Kafin ya fita wasa ki ce: "Mu ke azumi. In ka ga abokinka Kirista yana shan ruwa, kada ka tsangwame shi."

Wannan kaɗai zai rage miki yawon raba faɗa da ba da haƙuri, domin yaro ya gane kansa aka ba shi ya kula da shi.

Amma dokar ba ta ci in yana jin kina gulmar maƙwabta. Kuma in abin cutarwa ne, duka ko sata, ya zo ya faɗa miki.