Yadda Ake Shan Garin Kofi Ba Tare da Ya Cutar da Jiki Ba

Garin kofi mai narkewa nan take, irin Nescafé da ake samu a teburin mai shayi, kofi ne da aka dafa aka busar da ruwansa. Yana wartsakar da jiki, yana ƙara kaifin hankali, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Amfaninsa ya dogara ne da yadda aka sha shi.

Da farko a auna. Ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwan zafi ya wadatar, kuma kada baligi mai lafiya ya wuce miligiram 400 na kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi mai kore barci, a yini, mai juna biyu kuwa ta tsaya a ƙasa da 200. Wanda ya zarce haka zai iya jin bugun zuciya, da rawar hannu, da ƙwannafi.

Lokacin sha ma abin lura ne, domin rabin kafeyin yana nan a jini bayan kimanin awa 5, saboda haka wanda ya sha bayan La'asar zai iya raba dare idonsa biyu. Haka kuma kofi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci, shi ya sa ya kamata mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa guda tsakanin cin abinci da shan kofi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan ƙananan ledojin nan da aka haɗa da sukari da madarar gari, waɗanda zaƙinsu ya rinjayi kofin. Mai ciwon sukari ya sayi zallan garin, ya haɗa da kansa, mai hawan jini kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum.