Takunkumin fuska bayan riga-kafin korona: inda ake sawa da yadda ake sawa

Allurar riga-kafin korona ta fi amfani wajen hana cutar kwantar da mutum ko yin ajalinsa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, musamman tun bayan ɓullar nau'in Omicron a ƙarshen 2021. Jiki kuma kan ɗauki kamar mako 2 bayan allura kafin garkuwa ta kankama. Shi ya sa takunkumi ke da amfani ko bayan allura.

A fili inda iska ke kaɗawa ba sai an sa takunkumi ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Janairun 2023 ita ce a sa shi cikin cunkoso a rufaffen wuri, kamar motar haya ko ɗakin jiran likita. Haka ma mai mura da tari, da wanda ya zauna da mai cutar kwanan nan, da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini.

Takunkumin da ake kira N95 ya fi na asibiti da na yadi, domin yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, amma sai ya manne da fata. Gemu mai kauri yana hana shi mannewa, iska ta riƙa shiga ta gefe. Mai ƙaramin murfin fitar da numfashi kuwa mai shi ya fi karewa, domin numfashinsa na iya fita ta murfin ba a tace ba.

Na asibiti: a wanke hannu da sabulu, ɓangare mai launi ya kalli waje, a matse siririn ƙarfen a kan karan hanci, a ja ƙasan ya rufe haɓa. In gilashin ido ya yi hazo, iska ce ke fita ta sama, a sake matse ƙarfen. In gefe ya buɗe, a ƙulla igiyar kusa da yadin, a tura abin da ya taso ciki.

Na yadi sai ya kai ninki uku, a wanke shi kullum da sabulu da ruwan zafi. Niƙabi mai falle ɗaya ba ya maye gurbinsa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne sauke shi ƙarƙashin hanci, ko rataye shi a haɓa a mayar. Da zarar ya jiƙe da gumi a canza, domin jiƙaƙƙe ba ya tacewa sosai. A cire ta igiya, kada a taɓa gabansa, na asibiti a jefa kwandon shara mai murfi. Yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba a tilasta musu.